Takunkumin Wakili

Zarto ya kusa raba ƙarfen biyu sa'ad da Salmanu ya turo ƙofar ɗakin da kafaɗa, jakar kayan wasa a hannu ɗaya, kofin shayin karak a ɗayan. Ya yi turus yana kallon Wakili, wanda ya matse takunkumin ƙarfe na rufe fuska a wasa tsakanin gwiwoyinsa a bakin gado yana ta gurza. Mutum ukun da suke ɗaki ɗaya da shi a tsohon benen nan na unguwar Al Ras a Dubai duk sun fita tun da asuba, shi ya sa ya samu sarari.

"Dattijo, me nake gani haka?"

Wakili bai ɗago ba. Ya ƙara gurzawa sau uku, guntun ƙarfen ya faɗi a kan tayil. Sandar da ke gangarowa ta gefen idon dama ce ya cire. Daga nan ya ɗauko siririyar wayar lantarki mai baƙar roba, ya ja ta a gurbin sandar, ya naɗe bakinta da salatif sama da ƙasa. Aikin hannun mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana gyaran lif a benayen Deira ba ya muni. In ka tsaya daga nesa, sai ka rantse haka takunkumin ya fito daga shago.

Salmanu ya ajiye shayinsa, ya zaro ƙwallo daga jaka, ya karɓi takunkumin, ya ɗora ƙwallon a kan wayar ya danna da babban yatsa kawai. Wayar ta lanƙwashe, ƙwallon ta shige ciki salin alin. Ya ce wannan ba takunkumi ba ne, taga ce, kuma duk duniya ba a rasa inda za a buɗe taga ba sai a kan idon da ya rage wa mutum. Wakili ya ce ya sani. Salmanu ya ce to in ya sani, hauka ne ke nan. Wakili ya ce shi ma ya sani, ya karɓi abinsa ya cusa a jaka.

Duk Dubai mutum biyu ne suka san cewa idon Wakili na hagu ya mutu shekara uku da suka wuce: shi da wannan Bakanon mai surutu. Hawan jinin ido ne ya cinye shi a hankali, sai da ya je hutu gida Kaltungo wani likita ya gaya masa ba abin da za a iya yi kuma. Idon yana nan fes a fuska, yana juyawa tare da ɗan uwansa, amma ciki duhu ne. Gwajin biza kuwa jini da ƙirji kawai ake dubawa, don haka ya dawo ya ci gaba da shiga ramin lif da ido ɗaya. Ya san ranar da kamfani ya ji, ranar aiki ya ƙare, biza ta bi shi. Shekarunsa hamsin da tara, ba mai ɗaukar irinsa kuma, ga 'yarsa Louisa saura shekara biyu ta gama karatun haɗa magunguna a Jos.

Abin haushin shi ne ba don lif ɗin ake riƙe da shi ba ma. Manajansu, Zainul Abideen, Ba'indiye ne ɗan Kerala da ya yi shekara goma a Amurka ya dawo da abu biyu: tumbi da son wani wasa wai shi sofbol. Da ya ji akwai gasar waɗanda suka haura hamsin, sai ya haɗa ƙungiya da sunan kamfani. Wata rana ya ga Wakili daga ƙasa ya cilla wa abokin aikinsa makullai a hawa na uku, suka sauka a tafin hannun mutumin kamar an ajiye. Tun daga ranar Wakili ya zama mai jifa. Sau biyu ana rage ma'aikata, samari masu jini a jika suna tattara kayansu, shi yana nan. Kowa ya san dalili, shi ma ya sani, kuma wallahi ko son wasan ba ya yi.

Wanda bai san wasan ba zai yi dariya. Tsofaffi ne da gajeren wando, mai jifa yana lilo da hannu daga ƙasa ya saki ƙwallo a hankali, ta tashi sama ta wuce tsayin mutum amma kada ta haura ƙafa goma sha biyu, sannan ta gangaro ta faɗi a kan wata 'yar shimfiɗar roba a gaban mai kulki. In ka kuskure shimfiɗar da yawa, mai kulki ya tafi kyauta tashar farko cikin ukun da ake zagayawa kafin a samu ci. In ka ba shi mai daɗi, ya narka mata kulki. A nan dariyar ke ƙarewa, domin ƙwallon sunanta kawai ke da laushi, kuma mai jifa ƙafa hamsin kacal ke tsakaninsa da kulkin. A watan jiya ta dawo wa wani mai jifa ɗan Filifin a muƙamuƙi, har yanzu da tsinken roba yake shan kunu. Shi ne masu gasar suka ce daga yanzu ba mai jifa sai da takunkumin ƙarfe.

Ga kowa wannan rahama ce, ga Wakili kuwa tarko. Mai ido ɗaya sai ya ɗan karkata fuska kafin ya ga gabansa sosai, kuma da zarar ya karkata, sandar gefen takunkumin sai ta tsaya cak tsakanin idonsa da shimfiɗar. A Asabar da ta wuce mutum goma sha ɗaya ya bai wa tasha kyauta, aka yi musu kaca-kaca. Bayan wasan Zainul Abideen ya dafa shi yana murmushi, ya ce ko dai ido ne ya fara gajiya, in haka ne ba komai, likitan kamfani yana nan, sai a duba. Wakili ya yi dariya ya ce sabon abu ne kawai, zai saba. Kwana bakwai ke nan abinci ba ya masa daɗi.

A cikin jirgin ƙasa na metiro Salmanu bai bar maganar ba. Shi ɗan kasuwa ne a Al Sabkha, yana loda tayil da takalma a kwantena zuwa Kano, ba ruwansa da kamfanin. Wakili ne ya jawo shi ƙungiyar da aka rasa cikon na goma, ya ce aikin mai cafe ƙwallo a bayan mai kulki ba komai ba ne sai tsuguno da surutu, kuma Alhaji Salmanu ya ƙware a na biyun. Yanzu Alhajin cewa yake Wakili ya ce zazzaɓi yake yi. Wakili ya ce zazzaɓi ma wurin likitan kamfani yake kai mutum. To ya ce hannunsa ya gurɗe. Nan ma likita. To ya sa takunkumin aro mai kyau ya jefa yadda ya samu. Wakili ya ce ai hanyar nan ita ta fi kowace kusa da likita. Salmanu ya ja tsaki ya juya yana kallon benaye ta taga har suka sauka.

Filin yana bayan wata makaranta, an kewaye shi da dogon shingen waya. Ƙarfe tara na safe ne amma rana ta riga ta fara halinta. Alƙalin wasa ya kalli fuskar Wakili daga inda yake tsaye, ya ga baƙin takunkumi, ya ɗaga yatsa. Zainul Abideen yana zaune a benci da takardar lissafin wasa a cinya, yana ta cewa yalla, yalla, wato a hanzarta.

Da jifan farko Wakili ya ji kamar an cire masa ƙaya. Ga shimfiɗar nan tar, wayar ba ta tare komai. Hannunsa ya dawo. Dabararsa tsohuwa ce kuma ba ta da yawa: ya tura ƙwallon sama har dab da iyaka, ta riƙa juyawa da baya, ta sauko a tsaye a can ƙarshen shimfiɗar, yadda mai kulki zai gaji da jira ya ɗauke ta sama wani ya cafe. Mai gajen haƙuri ya ba shi gajere a gaba. Mai ƙarfi ya matse shi ta jikinsa don ya ja ta gefe. Abu ɗaya ne haramun, ƙwallo kwance a tsakiya, domin irin wannan kan wanda ya jefo ta take komawa. Kuma da ya saki, sai ya ja da baya taku uku, safar fata a gaban ƙirji. Salmanu daga tsugune yana ba shi rahoto da Hausa, ba mai ji: wannan gwiwarsa ta lalace, ba shi ta nesa, wancan jiya ya sha ya ƙoshi, ba shi ta sama ya yi ta nema.

Amma kowane jifa sai da ya biya kuɗinsa da tsoro. Iska tana shigowa ta gurbin sandar tana taɓa fatar idonsa, tana tuna masa. Gumi ya cika takunkumin, numfashinsa yana dawo masa da zafi, shinge ta ko'ina, manaja a benci. Tsoro yake ji sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da lif ya tsinke masa a hawa na sha huɗu.

A haka aka kai zagayen ƙarshe, suna gaba da ci ɗaya. Ya fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi. Sai hannu ya fara gajiya, mutum uku a jere suka samu shiga, tashoshi uku suka cika. Wanda ya taso da kulki kuwa shi ne wanda suke kira Buldoza, wani injiniya ɗan Kanada mai shekara sittin da bakwai, fari tas da gemu, mutumin kirki mai raba wa kowa ruwan sanyi kafin wasa. Aibinsa ɗaya: ba ya bugu hagu, ba ya bugu dama, tsakiya yake bi.

Salmanu ya nemi a dakata, ya taho yana ɗingishi har inda Wakili yake. Ya ce a bar wannan ya wuce kyauta, na tasha ta uku ya shigo, a yi kunnen doki, na bayansa rago ne. Zainul Abideen ya gane abin da ake ƙullawa ko da ba ya jin yaren, ya miƙe daga benci yana kaɗa takarda, yana cewa ba kyauta, habibi, a jefa masa, khalas, magana ta ƙare.

"Alhaji, koma ka tsuguna," in ji Wakili.

"Dattijo, ido ɗaya gare ka."

"Aiki ma ɗaya gare ni. Koma."

Jifan farko ya tafi sama ya sauka a kusurwa, Buldoza ya kalle shi ya bar shi, alƙali ya ce jifan ya yi daidai. Saura jifa ɗaya irinsa a fitar da shi. Wakili ya goge hannunsa a wando, ya goge kuma, amma gumin bai tafi ba. Ya yi lilo ya saki, kuma tun ƙwallon ba ta bar yatsunsa ba ya san ta zame. Ba ta tashi ba. Ta tafi a kwance, a tsakiya, kamar an miƙa wa baƙo tuwo.

Taku ɗaya kawai ya samu ya ja. Ya ji muryar Salmanu tana cewa ya juya, amma wuyansa ya riga muryar. Shekara uku yana kare idon dama daga ƙofa, daga waya, daga gwiwar hannun mutane a bas, jikin ya haddace. Ya kawar da fuska ya miƙa ɓangaren hagu. Ƙarar da ƙarfen ya yi har masu gadin makarantar sun ji.

Da ya dawo hayyacinsa yana kwance rigingine, ƙasa a bakinsa, fuskoki sun yi masa rumfa. Abu na farko da ya yi shi ne ƙirga su, ya ga yana iya ƙirgawa, ya ce Yesu na gode a zuci. Sandunan hagu sun lotsa sun yanke masa gira, jini yana bin kunnensa. Wata nas 'yar Filifin, matar wani ɗan wasa, ta zare takunkumin ta jefar gefe, Salmanu ya yi wuf ya cusa shi a jaka kafin wani ya duba. Matar ta zaunar da shi, ta goge jinin, sannan ta yi abin da ya shekara uku yana gudu. Ta rufe masa idon dama da tafin hannunta, ta ce yatsu nawa ta ɗaga.

Duhu kawai. Ta sake tambaya, ta kunna fitilar waya, ta matsar, ta janye. Sannan ta ɗago ta ce wa mutanen, a hankali, idon hagu ba ya gani.

Wakili ya jira ƙasa ta tsage. Sai ga Zainul Abideen ya durƙusa a gefensa, tumbi da komai, ya rungumi kafaɗarsa. Ya ce laifinsa ne, shi ya ce a jefa. Ya ce a cikin rigar kamfani aka yi wannan raunin, don haka kamfani ne zai ɗauka. Ba sauran shiga ramin lif, zai ba shi tebur a ofis da na'urar sanyaya ɗaki, kuma muddin shi Zainul Abideen yana kan kujerar nan ba mai taɓa bizar Mista Wakili. Ya faɗa a gaban mutum ashirin, har da rantsuwa.

Salmanu ya tsuguna ta ɗaya gefen kamar mai gyara masa riga, bakinsa dab da kunne.

"Ka ji dai. Ka kama bakinka."

"Likita zai gane tsohon abu ne."

"Likita kai zai gaya wa, ba oga ba. Shekara biyu kawai, Baban Louisa. Ba ka ce komai ba, ba ka yi ƙarya ba. Ka yi shiru, don girman Allah."

Wakili ya yi shirun. Kai, ashe haka sauƙi yake da daɗi! Tebur, kujera, ba kulki, ba takunkumi, Louisa da rigar kammala karatu. Ya ji jikinsa yana saki kamar wanda aka sauke wa buhu. Aka kama shi ya miƙe, aka nufi benci da shi don a kira mota.

A hanyar ne ya ga Buldoza. Mutumin bai ma gudu zuwa tashar farko ba, yana nan inda ya yi bugun, zaune daɓas a ƙasa, ƙafafu a miƙe kamar yaro. Ya jefar da kulkin can. Abokansa biyu suna ta ba shi baki, ba ya jin su. Kuka yake yi na gaske, gemun ya jiƙe. Da ya ga an zo wucewa da Wakili sai ya rarrafo. Ya kama hannun Wakili da hannu biyu. Ya ce shekara hamsin yana wasan nan bai taɓa ji wa kowa ciwo ba, ya ce ya ga ƙwallon ta zo a kwance kuma ya san inda za ta koma amma ya buga. Ya ce ba ya neman a yafe masa, don shi ba zai yafe wa kansa ba har ya mutu.

Wakili ya kalli furfurar kan mutumin daga sama. Ya yi ƙoƙarin zare hannunsa ya wuce, ƙafarsa ta ƙi. Salmanu ya matse masa damtse har da farce. Hannun manaja yana kan kafaɗarsa, da ɗumi. Haushi ya kama shi, haushin wannan Baturen da bai iya bugu ya yi gaba abinsa kamar kowa ba, haushin Salmanu da ya yi gaskiya, haushin kansa da ya riga ya san abin da zai yi. Ya sunkuya, jini ya ɗiga a kan takalminsa, ya yi magana da Turanci yadda kowa zai ji.

"Tashi, ba kai ba ne. Idon nan ya shekara uku da mutuwa. Girata kawai ka fasa."

Buldoza ya ɗago baki buɗe. Salmanu ya saki damtsen ya ce innalillahi a hankali. Hannun da ke kafaɗar Wakili bai tashi nan take ba, ya ɗan jima, sannan ya zame.

Zainul Abideen ya tambaya ko shekara uku ya ce. Wakili ya ce e. Ya tambaya ko a haka yake sa hannu cewa lif ɗin mutane lafiya lau. Wakili ya ce e, kuma ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba bayan ya duba shi. Manajan ya naɗe takardar hannunsa, ya warware, ya sake naɗewa. Ya ce ranar Litinin ƙarfe takwas ya same shi a ofis, ya zo da katinsa na aiki.

Alƙalin wasa, wanda tun ɗazu yake duba agogo, ya matso yana neman afuwa. Ya ce an yi kunnen doki, saura mutum ɗaya a fitar, kuma wata ƙungiya tana jiran filin. Wa zai ƙarasa jifan? Zainul Abideen ya bi bencinsa da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, wani ya shiga ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. A shekara shida ba wanda ya taɓa tsayawa a wurin nan sai mutum ɗaya. Manajan ya yi gyaran murya, kuma maimakon ya kalli Wakili sai ya kalli Salmanu, ya ce ya tambayi abokinsa ko zai iya jefa wa mutum ɗaya tak, za a aro masa takunkumi.

Salmanu ya juyo, idanunsa jawur, ya maimaita da Hausa kamar Wakili bai ji ba. Wakili ya zare safar fatar daga hannunsa, ya ajiye ta a kan benci kusa da manajan, ya danna audugar da nas ta ba shi a kan girarsa.

"Alhaji," ya ce, "gaya masa ba na gani."